Yaya Mumuni, Allonka Ya Koma Teku

Zuwa ga yayana Malam Mumuni, a Zongon Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan sallama, ina miƙo gaisuwar girmamawa irin wadda ƙani ke yi wa wansa. Yaya ƙarfin jiki? Yaya Hajiya da yara, da duk masu zuwa dubiya? Allah ya saka musu da alheri. Mu a nan Doha lafiya lau muke. Zafi ya ragu, iska ta fara daɗi, jama'a sun dawo bakin teku da yamma kamar yadda ka saba gani.

Na san 'yarka Rabi ce za ta karanta maka wannan, don haka ina roƙonta ta bi a hankali, kada ta tsallake ko da wuraren da na ba da kunya. Na sa shi a shafina na intanet a fili ne saboda 'yan'uwanmu na nan, 'yan Ghana da 'yan Najeriya, ba sa bari in fita daga masallaci ba su tambaye ni labarinka ba. In na faɗi abin da ka riga ka sani, ka yi haƙuri. Wasu ba su sani ba, ni kuma ina jin daɗin tunawa.

Ka sa Rabi ta tambaye ni yadda aka yi allonka na ruwa ya rayu. Ga amsar, amma sai na faro daga tushe.

A masallacin Juma'a na fara jin muryarka kafin in ga fuskarka. Lokacin ban daɗe da zuwa Qatar ba, ina aikin gadi a wani dogon bene a Bin Mahmud, ban san kowa ba sai abokan ɗakina. An idar da salla ina neman takalmina, sai na ji wani a bayana yana waya da Hausa yana cewa, "Matana ya ce in gaishe ka." Na waiga don in ga wanda ya mayar da matarsa namiji. Ka kama ni ina murmushi. Ka kashe wayar ka ce, "Kai ɗan Najeriya ne ko? Ku ne kuke gani ku kaɗai kuka iya Hausa." Ranar ka saya mini shayin karak, muka tsaya hira a ƙofar wata bakala, irin ƙananan shagunan nan na unguwa, har aka kusa kiran la'asar.

Ba a jima ba aka kira ni daga Gusau. Matata Hauwa ta sauka, amma yaron bai zo da rai ba. Ban kai lokacin da kamfani zai ba ni hutu ba. Aka binne ɗana ina tsaye a bakin get ina buɗe wa motoci. Daga nan na rufe kaina. Daga aiki sai ɗaki, daga ɗaki sai aiki. Abinci sai in tsakura in ture. Ko Hauwa ta kira, sai in tambaye ta ko akwai abin da ake buƙata a gida, in ajiye waya, don ban san me zan ce mata ba.

Ba ka yi mini wa'azi ba, Yaya, ko da yake ka fi ni karatu. Ranar hutuna da sassafe sai ga ka a ƙofar ɗakinmu. Ka ce, "Yalla, sa takalmi. Ina neman wanda zai riƙe mini tiyo."

Haka na fara zuwa wurin aikinka, wata rumfa a bakin teku inda ake ba mutane hayar allunan ruwa. Ban taɓa ganin irinsu ba. Abu ne na roba mai kauri, faɗinsa kamar ƙyauren ɗaki, tsawonsa ya kusa mutum biyu, da famfo ake hura masa iska har ya yi tauri kamar katako. Mutum ya hau ya miƙe tsaye, ya riƙe filafili, wato doguwar sanda mai faɗin baki, yana tuƙa kansa a kan teku. Ni ɗan Gusau da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, na ce a raina lallai waɗannan mutane sun gaji da duniya.

A bayan rumfar akwai wani shuɗi da ya koɗe, da faci nan da can. Ka ce mudir, wato manajan wurin, ya sa a jefar da shi, ka roƙa aka bar maka, ka gyara da hannunka. Ka dafa shi ka ce, "Wannan nawa ne. Tsohuwa sunansa." Na ce ai sunanta za ka ce. Ka ce in bar gyara maka Hausa in kama tiyo.

Da ruwa ka fara koya mini. Duk allon da ya fito daga teku sai an ɗauraye shi da ruwan famfo, sama da ƙasa, kafin gishiri ya bushe a jikinsa. Ka shafa yatsa a kan wani da aka manta, ka nuna mini farin gari a yatsan ka ce, "Ka ga wannan? Shi ke cin allo." Sabulu mai laushi, soso mai laushi. Na taɓa ɗauko garin sabulun wanki da burushin goge ƙasa don in burge ka, ka ƙwace ka ce in je in wanke tayar mota da su.

Sai ɗan fiffiken da ke ƙasa, mai hana allo karkacewa a ruwa. A zare shi a wanke yashin da ya maƙale a raminsa. A duba bakin iska, kada a bar ko ƙwayar yashi. Ba a jan allo a ƙasa, a hammata ake ɗaukarsa. Ba a kuma barinsa a rana, wannan ka fi nanatawa. Ka ce iskar ciki tana kumbura in ta sha zafi har ta fasa haɗin gefe, ka taɓa ganin wani ya fashe da tsakar rana, kowa a bakin tekun ya zabura ya zaci tayar babbar mota ce. In za a jingine shi, a rage masa iska. In za a naɗe, sai ya bushe ƙarau, a naɗe sako-sako kamar tabarma.

Ban san ranar da abin ya fara shiga raina ba. Ka karɓi abu da datti, ka mayar da shi fes, ka kai shi inuwa, ka ɗauko wani. Hannu yana aiki, kai yana hutawa. Wata safiya muna wanke Tsohuwa, kai a hanci ni a wutsiya, sai na ji bakina yana ba ka labarin yaron, har sunan da na yi niyyar sa masa. Ba ka ɗago kai ba, ka ci gaba da goga. Da na gama ka ce, "Yau ka kira Hauwa. Kada ka tambaye shi ko shinkafa ya ƙare. Ka tambaye shi yaya zuciyansa." Na kira ta. Muka yi kukan da ya kamata mu yi tun tuni. Ranar na cinye shinkafa da waken da ka zo da shi a kula, da yajin nan naku na shito, har na suɗe cokali.

Abu ɗaya ka kasa, shi ne sa ni in hau. Shekaru muna tare, na iya wanki, na iya naɗi, har mudir ya san fuskata, amma iyakata bakin ruwa. Kai kuwa in ka tashi aiki da yamma sai ka ɗauki Tsohuwa ka shiga, in tsaya ina kallonka kana ƙanƙancewa har ka zama ɗigo a gaban dogayen benayen birni. In ka dawo ka ce, "Gobe kai ne." In ce Allah ya kai mu. Ni da kai mun san ba hawa zan yi ba. Ba ka taɓa matsa mini ba.

A farkon zafin bana Rajan ya kira ni, abokin aikinka ɗan Sri Lanka. Ya ce kana ɗauke da allon wani baƙo za ka kai inuwa, sai ya suɓuce daga hannunka na dama. Ka sunkuya za ka ɗauka, ka kife a kan yashi.

Na same ka a asibiti, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun daina motsi. Likitoci suka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah ya biya su. Da ka ɗan samu sauƙi aka shirya maka komawa gida wurin iyalinka.

A filin jirgi, kana kan keken marasa lafiya, na durƙusa na tambaye ka yadda za a yi da Tsohuwa. Ka daɗe kana kokawa da harshenka, har na ga gumi a goshinka. Daga ƙarshe ka ce, "Khalas. Jefar." Wato shi ke nan, an gama. Ka kau da kai, aka tura ka ciki. Mutumin da ya taɓa yi mini faɗa don na jingine ta a bangon da rana za ta zagayo, yau shi ke cewa a jefar. A hanyar komawa na wuce tasharmu a jirgin ƙasa ban sani ba.

Da na je neman kayanka sai aka ce kamfani ya kwashe su ya kai wani sito a wata gona a Umm Salal, mai riƙe da makullin kuma ya tafi hutu ƙasarsu. Na yi ta zarya. Duk tsakiyar zafin nan, lokacin da ko ƙarfen get ba ya taɓuwa, Tsohuwa tana cikin jakarta a ɗakin kwano.

A tsakanin nan na yi ta kiran wayarka ba ka ɗauka. Rabi ce ta gaya mini gaskiya. Ta ce ba ka son a ji yadda maganarka ta koma. Ka daina zuwa asibitin da ake motsa maka hannu da ƙafa, ka juya wa ƙofa baya, ko abokanka na masallaci suka zo sai ka rufe ido kamar mai barci. Ta ce mini, "Baba Nafi'u, ni tsoro nake ji. Ba ciwon ne zai gama da shi ba, zaman nan ne."

Da makulli ya samu muka je da Sani direba, abokin ɗakina, a motar ɗaukar kayan da yake tuƙawa. Ina buɗe zif ɗin jakar wani wari ya buge mu. Ashe wanda ya tattara kayanka da danshinta ya naɗe ta. Fumfuna ta yi mata baƙi-baƙi, gishiri ya daskare a bakin iska, yashi ya cushe ramin fiffike, robar da ake takawa ta ɗago a gefe. Sani ya toshe hanci ya ce, "Nafi'u, ai mai ita ma ya ce a jefar. Ga kwandon shara can."

Na tsaya ina kallonta. Ba ni da halin zuwa Kumasi a lokacin. Ni ba likita ba ne. Ba ka ɗaukar wayata balle in lallashe ka. A duk duniya abu ɗaya ne naka da hannuna zai iya kaiwa, kuma kai ka koya mini yadda ake yi masa. Na ce wa Sani ya kama mini mu sa a mota.

A saman benen da nake gadi na shimfiɗa ta, a inuwar tankunan ruwa. Ka san ruwan famfon Doha a lokacin zafi, sai ya dafa ƙwai. Sai in tara a bokitai tun da asuba in bar shi ya huce. Na fara da ɗauraya, na bi da sabulu. Fumfunar ta ƙi. Na tuna kana sirka ruwan kal da ruwa kana goge irin wannan, na sayo a bakala, na jiƙa tsumma na bi tabon ɗaya bayan ɗaya. Na sa tsohon burushin haƙori na sosa bakin iska da ramin fiffike har yashi ya daina fita. Ba a zama ɗaya na gama ba. In na tashi aiki sai in hau sama in yi abin da ya samu, in lulluɓe ta da zanin gado. Akwai wani tabo kusa da hanci da ya ƙi fita har yau. Na ƙyale shi, don na tuna ka hana ni gurzawa da ƙarfi.

Da ta bushe na kafa famfo. Tana cika ina murna, sai na ji wani siririn sauti kamar maciji a ciyawa. Na kaɗa ruwan sabulu na shafa a haɗin gefe kamar yadda kake yi. Kumfa ta fara tasowa a wani wuri mai tsawon yatsa. Zafin ɗakin kwano ya saki gam ɗin.

Na yi facin farko a nan saman benen. Na yanka roba, na shafa gam, na danne da bisimilla. Washegari ina hura iska facin ya ɗago kamar ɓawon ayaba. Yaya, na zauna a kan bokiti na rasa abin da ke yi mini daɗi.

Na ɗauki hoto na je wurin Rajan. Da ya gane Tsohuwa ce sai ya cire hularsa ya zauna. Sannan ya ce, "Sadik, abokina, gam ba ya kamawa a cikin wannan danshin iska. Ka shiga da ita ɗaki mai sanyi." Ya ba ni irin gam ɗin da kuke amfani da shi, da ɗan makullin roba na ɗaure bakin iska. Ya ce in zagaye kusurwoyin facin da almakashi, in shafa gam kaɗan a ɓangarorin biyu, in jira ya fara danƙo kafin in haɗa.

Ka san ɗakinmu, gadaje masu hawa da lokoki, ko sallaya biyu ba ta shimfiɗuwa. A nan Tsohuwa ta yi jinya. Muka ture takalma da akwatuna, muka kwantar da ita a tsakiya. Na murje facin da bayan cokali har hannuna ya yi ciwo, Sani ya ɗora buhun shinkafarmu a kai. Kowa tsallake ta yake yi in zai fita, warin gam ya cika ɗaki, amma babu wanda ya yi ƙorafi. Wani ɗan Tamale da ke ɗakin kusa, da ya ji taka ce, har leƙowa yake yi ya ce yaya mai jiki.

Da gam ya kama sosai na hura ta na shafa ruwan sabulu. Shiru, babu kumfa. Na bar ta a cike ta kwana, da safe na danna da gwiwa, tana nan daram.

Na tura wa Rabi hotonta, fes, shuɗinta ya fito. Na yi ta duba waya. Rabi ta ce ta nuna maka, ka kalla sau ɗaya ka mayar da fuska bango. Abin ya yi mini zafi, amma da na yi tunani sai na ga gaskiyarka. Me za ka yi da hoton allo a jingine a ɗaki? Ba don a jingine ta ka gyara ta ba tun farko. In ana so ka yarda tana raye, sai ka gan ta a ruwa da mutum a kai. Na duba hagu na duba dama, mutumin nan ni ne.

Rajan ya zaɓi Al-Zakira, can gaba da Al-Khor, inda ruwa yake kwance tsakanin itatuwan nan da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri. Muka tafi da sassafe ranar hutu, Sani yana tuƙi, jarkokin ruwan famfo a bayan mota. Tun a hanya na fara addu'a. Na karanta duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Rajan ya sa mini rigar da ke hana nitsewa, ya ɗaura mini igiyar allon a ƙafa, ya hau nasa ya tsaya kusa. Na fara da durƙuso. Ina ɗaga gwiwa ɗaya duniya ta juye, sai na ji ni a cikin ruwa. Na sha gishiri, na yi ihu, na kira Inna. Sai na lura rigar ta riƙe ni, kuma da na miƙe ƙafa sai na taɓa ƙasa. Ruwan iya ƙirjina ne. Sani yana gaɓa yana ɗaukar bidiyo, dariya ta hana shi riƙe wayar daidai.

Na hau, na faɗi. Na sake hawa, na sake faɗuwa. Rajan ya ce in daina kallon ƙafafuna, in zuba ido a kan wata bishiya can nesa. Na yi haka. Na ɗaga gwiwa ɗaya, na ɗaga ta biyu, ƙafafuna suna rawa kamar na ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Sai komai ya yi tsit. Ina tsaye, Yaya. Tsohuwa tana ɗauke da ni, facina ya riƙe.

Na tsoma filafili na ja, ta motsa. Ƙananan kifaye suna watsewa a ƙarƙashina, ruwan garau har ina ganin inuwata a kan yashin ƙasa. Can gaba wasu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kiwo, ko kula ni ba su yi ba. Duk shekarun nan ina wanke abin nan ban san inda yake kai mutum ba. A lokacin na gane dalilin da ya sa kake dawowa daga teku da wata irin fuska, kamar wanda ya fito daga gaida mahaifiyarsa. Ina jin Sani yana kabbara daga gaɓa. Tafiyar dai ba ta miƙe ba, ruwa sai fantsamo mini yake yi, kafaɗata ta gaji da wuri, amma ban damu ba.

Da muka fito, kafin in kai komai bakina, na sauke jarkoki na ɗauraye ta, na zare fiffike, na rage iska, na jingine ta a inuwar mota. Rajan yana kallona yana girgiza kai. Ya ce kamar kai yake gani.

Sauran labarin ka fi ni sani, amma bari in faɗi yadda ya iso mini don jama'a su ji. Rabi ta aiko saƙon murya tana dariya tana kuka, da ƙyar na gane abin da take cewa. Ta ce da farko ka ƙi kallon bidiyon, sai ta ajiye wayar a kan cinyarka, ta ƙara sauti ta fita. Da ta dawo ta tarar ka ɗago ta kusa da idonka da hannun hagu. Ka yi mata alama ta sake kunnawa. A wurin da na faɗa ruwa ina kiran Inna, kafaɗarka ta girgiza. A wurin da na tsaya, ka zuba ido. Da na fara tuƙi sai ka haɗe rai, ka buɗe baki a hankali ka ce, "Wawa. Ya juya filafili. Baya ne ya sa gaba."

Ta ce tun da ka sauka daga jirgi ba ka yi magana mai tsawon wannan ba. Hajiya ta saki abin da ke hannunta ta shigo da gudu.

Ba a taɓa ce mini wawa na ji daɗi irin na ranar ba.

Sai ga bidiyo ya biyo baya. Ka sa an kawo maka sandar goge ɗaki. Ka kama jikin ƙofa ka miƙe, ka jingina, Rabi tana ta cewa a hankali Baba. Ka riƙe tsakiyar sandar da hagu, ka sa ta ɗora maka hannun dama a kan sandar, tana tallafe da gwiwar hannun. Ka tsoma a iska ka ja. Ka sake. Ka nuna mini da haɓa cewa lanƙwasar bakin filafili gaba take kallo. Ni ashe riƙon ludayi na yi masa, ina ta kwasar teku ina watsa wa kaina. Na tambayi Rajan me ya hana shi gaya mini, ya ce ya ga da ƙyar na tsaya, bai so ya ƙara mini wani tunanin.

Na kalli bidiyon nan a ɗakin gadi har batir ya mutu. Na nuna wa Sani, na nuna wa Rajan, na nuna a ƙofar masallaci. Wasu dattawan da ka sani sun share hawaye ba su ɓoye ba.

Rabi ta ce ka koma asibitin motsa jiki, kana zuwa kana yi musu faɗa. Ta kuma gaya mini abin da likita ya ce, wai ƙafar tana da alamar dawowa, hannun kuma ba lallai ya koma kamar da ba. Na ji, ban ɗauke shi da wasa ba. Ba zan ce maka abu ne mai sauƙi ba, ni da ba a jikina yake ba. Roƙona kawai kada ka fasa zuwa, har ranar da ka tashi ba ka ga amfanin zuwan ba.

Na gyara riƙon filafili. Yanzu duk ranar hutu ina fita, Rajan kuma ya fara koya mini iyo.

Ga shawarar da na yanke. Hutuna yana zuwa bayan ƙaramar salla. In Allah ya kai mu, bayan na ga gida zan biyo hanya in zo Kumasi da Tsohuwa goye a bayana. Na tambaya, ana ɗaukarta a jirgi kamar kowace jaka. Rabi ta ce akwai wani tafki da ake kira Bosomtwe ba nisa da ku, tsaunuka sun zagaye shi, ruwansa a kwance, masuntan wurin ma a kan gungumen katako suke zama su tuƙa da hannu. Ka ga ke nan babu wanda zai yi mana kallon mahaukata.

Ban ce sai ka tsaya a kai ba. In likita ya yarda, za mu sa maka riga, ka zauna a gaba ka miƙe ƙafa, ni in tsaya a baya in tuƙa. Mu bi gefe-gefe inda ba zurfi. Ka yi ta gyara mini, ka kira ni duk sunan da ka ga dama, Hajiya da Rabi suna bakin ruwa suna jin muryarka.

Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Yaya. Allah ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya mayar maka da ƙarfin ƙafarka da hannunka, ya sake maka harshenka. Allah ya yi wa Rabi albarka, ya ba Hajiya ladan jinya. Allah ya tsare duk wanda ya bar gida neman halali, ya mayar da mu ga iyalanmu a kan ƙafafunmu. Ya kuma nuna mana wannan safiya a bakin tafki, ni da kai. Amin.

Naka har kullum,
ƙaninka Nafi'u,
Bin Mahmud, Doha.